Katafilar da Ta Ƙi Shiga Lungu

Takardu biyu Injiniya ya shimfiɗa a kan teburin Manaja, kowace da hoton katafila mai haƙa ta baya, mai kwasa ta gaba. Watansa na shida ke nan na gwaji a kamfanin, kuma a kan wannan zaɓin za a tabbatar masa da aiki ko a sallame shi.

Ya bi lambobin da biro. Babbar tana haƙa mita biyar da rabi, ƙaramar huɗu da 'yan kai. Injin babbar ya fi ƙarfi, bokitinta ya fi cin ƙasa. Manaja sai gyaɗa kai yake yi.

Tsohon direban katafila, da ya shigo ajiye makulli, ya yi gyaran murya.

"Ranka ya daɗe, a duba ƙafafunsu. Babbar buɗe su take yi gefe da gefe kafin ta yi haƙa, ƙaramar kuwa ƙasa take sauke nata. Lungun da za a ja magudanar nan na auna shi, taku huɗu ne."

Kunya ta kama Injiniya, ya kasa kallonsa.

"Malam, nan da mita ake magana, ba da taku ba," in ji Injiniya. "Jira a waje."

Aka yi dariya. Tsoho ya ce Allah ya huci zuciya, ya ɗauki kular abincinsa mai jan murfi ya fita. Injiniya ya sa ƙafa ya ƙara tura tasa kular, ita ma mai jan murfi, ƙarƙashin tebur.

Ranar Litinin babbar ta iso tana walƙiya. Ta shiga lungu da kyar, wani sabon direba ya buɗe mata ƙafafu, ta hagu ta tafi da katangar wata tsohuwa har da ɗakin kajinta. Unguwa ta fito kallo, kaji suka bazu, Injiniya na tsaye da takardunsa a hannu.

"Gobe in ga rami, ko in ga makullin ofis," in ji Manaja.

Injiniya ya tarar da tsohon bayan gareji, ma'aikata zagaye da shi ana cin abinci. Ya tsaya a gabansa. Da ƙasa za ta tsage, da ya shige.

"Na roƙi masu ƙaramar tun Juma'a su ajiye mana ita," tsoho ya ce, bai ɗago ba. "Da safe zan ja maka ramin."

Injiniya ya durƙusa cikin baƙin mai da fararen kayansa, abin da bai taɓa yi ba a harabar nan. Ma'aikata suka daina tauna.

"Tashi," in ji tsohon a hankali. "Shekara talatin na yi a kujerar katafila don ka iya karanta takardun nan, kuma uwarka ba za ta ji wannan daga bakina ba."