Zoɓon da Inuwa Bai Sha Ba

Tunda ciwon mashaƙo ya dawo gari aka mayar da jikata Balaraba, malamar asibiti, ɗakin yaran da ya kama. Ranar Alhamis da la'asar Inuwa ya zo zance gidanmu a Ƙofar Kibo. Ina bakin zaure ina tsintar shinkafa, kunnena na wajensu.

Ta kawo masa zoɓo mai sanyi. Mutumin da kullum sai ya nemi ƙari, yau ya kalli kofin, ya kalli hannunta, ya ture shi gefe.

"Angona, azumi kake?" na ce.

"A'a, Kaka." Ya sunkuyar da kai. "Balaraba, Hajiyarmu ta ce ki nemi a canza miki ɗaki kafin a sa rana. Akwai yara a gidanmu."

"Can ma yara ne," in ji ta. "Na yi rigakafi, na yi wanka kafin in fito. Na ji ta Hajiya. Kai fa?"

Ya sake kallon kofin. Bai ɗauka ba.

Ta miƙe ta gyara mayafinta. "Ka gaida Hajiya."

Ni na shanye zoɓon, don ban ga dalilin asarar sukari ba. Ga ni nan, ko tari ban yi ba.