Wayar Birki

Dattijon ya ajiye tsinkakkiyar wayar birki a kan teburin mai kayan keke, hannunsa ɗaure da tsumma, jini ya bushe a gemunsa.

Mai shago ya gane ta tun kafin ya taɓa. Daga kwalin da ya saro da araha ta fito, ya yi ta saidawa yana rantsuwa da garantin wata shida. Ranar kasuwar Keita ce, mutane sun fara leƙowa. Ya yi ƙasa da murya.

"Sannu, Baba. Garanti na nan, yanzu in sake maka wata. Kar dai a tara mini jama'a."

"Ba musanya ta kawo ni ba," in ji dattijon. "A gangaren dutse ta tsinke, ina ɗauke da buhun albasa. Allah ya sa ƙaya ta tare ni. Na duba cikinta, duk tsatsa ce, roba ta rufe. Wa da wa ka saida ma irinta? Gaya mini in bi su gida-gida."

Mai shago ya jawo kwalin don ya nuna masa saura na nan. Wayam.

Sai ya tuna. Ta ƙarshen, da hannunsa ya ɗaura ta yau da safe a keken ɗiyarsa, ya aike ta kai wa kakarta magani a kan tudu.

Ya fita a guje, ko takalmi babu. Can saman gangaren, jan kallabinta ya fara saukowa.