Majanyin Lantana

Tun da asibitoci suka fara raba majanyi mai kulle kansa, babu uwar da ke sauke goyo sai majanyin ya yi ƙara sau biyu, alamar ya yarda jariri ya ƙoshi da barci.

Yau tun hantsi jariri Mudan yake goye a bayan uwarsa Lantana. An kira azahar, an kira la'asar, tana ta safa da marwa a tsakar gida, kafaɗunta kamar an ɗora mata turmi.

"Inna, don Allah ki gwada kwance min," ta ce wa mahaifiyarta. "Ko wanka ban yi ba."

"Ni? Wancan karon da na taɓa shi, ba har gida 'yan asibiti suka biyo mu da takarda ba? Yi haƙuri, 'yar nan."

Lantana ta juya ga Sakina, yayar Mudan mai shekara biyu da rabi, wadda ta goya totuwar masara da tsumma.

"Sauke 'yar taki, zo ki ci tuwo."

Sakina ta ƙame a inda take, hawaye na bin kumatunta.

"Umma, ina jin yunwa. Amma bai yi ƙara ba."