Muryar Kaka a Saman Kabad

Yaya, tun da kin ce ke ba kya tambayar kowa komai a sabon wurin aikinki don kada a raina ki, tsaya in ba ki wani misali.

Wata ɗaliba ce aka ba ta gado a ɗakin kwanan ɗalibai mata, ɗakin da aka gina don mutum huɗu amma mutum tara ke numfashi a cikinsa. Ƙarƙashin gado risho da tukwane, jikin taga tawul da ɗankwali, bayan ƙofa bokitai sun yi layi kamar masu jiran famfo. In za ki juya sai kin nemi izini. Ita kuwa ta zo da kayan da ba sa son matsi: tsohuwar rikoda mai cin batir shida, da makirfo mai doguwar waya, da kaset bakwai. Abin da ke cikin kaset ɗin nan muryar kakarta ce, tana waƙoƙin niƙa da na daɓe. Ɗalibar ta ɗauke su ne don aikin kammala karatunta, wata biyu kafin tsohuwar ta rasu, kuma duk duniya babu inda muryar ta saura sai a nan.

Rannan ta dawo daga lacca ta tarar an kunna rikodar. Ɗaya daga cikin 'yan ɗakin ta ci ɗamara da ɗankwali, ta durƙusa tana niƙa iska a kan siminti, tana karkarwar murya: "Ayyee, dutse ya ci gero, ni na ci wuyaaa!" Sauran suna ta zubewa kan katifa don dariya. Wata har da share hawaye: "Ke 'yar gari, wannan tsohuwar taku da hanci take waƙa ne?" Ba su san ta rasu ba, ita kuma ba ta faɗa ba. Ta kashe rikoda, ta naɗe wayar makirfo, daga ranar ta ɗinke bakinta. In an ce zo mu ci, ta ce alhamdu lillahi. In an ce lafiya, ta ce lafiya.

Sai ta shiga neman maɓoya. Ta ɗaga kai ta ga saman kabad na kusurwar gabas fayau, ba ko tsinke. A ɗakin da ake kwana ana gaba a kan ƙusa ɗaya ta rataye hijabi! Mai hankali zai tsaya ya ce, to me ya sa aka bar nan? Ita sai ta ce Allah ne ya ajiye mata. Rani ne, silin a bushe ƙayau, sai wani tabo ruwan ƙasa da ba ta tsaya kallonsa ba. Ta jira kowa ta fita, ta taka kujera, ta shirya kayan cikin kwali, ta tura can ƙurya, ta lulluɓe da tsohon zane. Da aka tambaye ta ina rikoda, ta ce ta aika da ita gida.

A ɗakin nan kuwa akwai al'ada. Duk lokacin da za a watse ana tsammanin ruwa, wadda ta fi kowa daɗewa, shekararta uku a gado ɗaya, sai ta tsaya tsakiyar ɗaki hannu a ƙugu kamar kwandasta: "Jama'a, kowa ta janye komatsanta daga gabas! Saman kabad ɗin can kuwa, ko maƙiyinki kada ki ajiye masa takalmi!" Da malamai suka shiga yajin aiki, hadarin farko na haɗuwa, aka ce ɗalibai su tafi gida, an yi wannan shela yadda aka saba. Mai rikoda ce kawai ba ta ji ba. Tun da hantsi ta saɓi jakarta ta fice ba sallama. Ta ce a ranta mako biyu ne, me zai kai kaset cikin matsin mota?

Wata huɗu aka yi, damina ta shigo ta yi abin da za ta yi ta wuce. Ranar da aka dawo ta taka kujera ta jawo kwali, sai saman ya biyo hannunta, gindin ya zauna. Zanen ya yi fumfuna, batir sun fashe sun yi kore a cikin rikoda, makirfo ya yi tsatsa. Ta kwashi kaset ta kai wa mai gyaran rediyo a bakin kasuwa. Ya sa biro ya murza na farko, zaren ya manne ya tsinke. Na biyu haka, har na shida. Na bakwai ne ya yarda ya juya. Suka kasa kunne: shuuu, kamar ruwa a kan kwano, can ƙasa aka ji tsohuwa ta yi gyaran murya za ta fara, sai zaren ya naɗe. Mai gyara ya miƙa mata ya ce, "Malama, wannan sai dai haƙuri."

Da ta koma ɗaki ta zube kaset ɗin a kan gado, a ranar ne ta faɗi ko muryar wace ce. Babbar ɗakin, mai shelar nan, ta dubi silin, ta dube ta, ta dafe ƙirji: "Ke kuwa baiwar Allah! Shekara uku ina kallon wurin nan yana zuba. Da kin buɗe baki sau ɗaya, ai ƙarƙashin gadona zan ba ki."

Ba a banza Hausawa suka ce ba: mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.