Ruwan Huhun Baba

A karo na uku, ba ta tace ruwan ba.

Sau biyu likita yana wanko ruwa daga huhun mahaifinta, sau biyu tana tace shi da ƙyallen bandeji kamar mai tatar kamu, ta juya shi a inji, sannan ta ƙirga ƙwayoyin halittar da suka rage. Haka aka koya mata aikin ɗakin gwaji. Ƙwayoyin suka fito 'yan kaɗan, aka ce tsoho ya koma gida, alhali tari na neman tsaga masa ƙirji.

"Wane gida?" in ji shi. Tun da madatsar Bakolori ta shanye ƙauyensu yake zaune a Talata Mafara kamar baƙo, kullum fuskarsa na duban Maradun.

Yau ta ɗiga ruwan yadda ya zo, da kaurinsa, ta sa ido a madubin gwaji. Ƙwayoyi cunkus, har ba su ƙirguwa. Ashe ciwon a ƙyalle yake maƙalewa, ita kuwa ta jefa shi a shara. Cikin kowace ƙwaya akwai ɗigon jar ƙura, irin wadda ya shaƙa ranar da ya tsaya gaban katafila tana baje gonarsa, ya ƙi gusawa.



"Mi kig gani, ɗiyata?" ya tambaya daga bakin ƙofa.

Ta jawo masa kujera.

"Zo ka duba, Baba. Ga sauran gonarka da ruwa bai ci ba."