Ranar da Caetano Ya Zo Babu Kakaki

Ni kaɗai na lura Caetano ya zo gidanmu a Bombay babu kakakinsa. Shekara shida Baba na ɗaukar nauyin ƙungiyarsu ta kiɗan jaz, yana ce masa ƙanena. Mu 'yan Parsi ne, al'umma mai addininta daban; shi kuwa Kirista ne.

"Yallaɓai, auren 'yarka Dinaz nake nema."

Baba ya ajiye shayinsa. Ni ya duba.

"'Yar Parsi in ta auri Kirista, ta bar ɗakin ibadarmu ke nan. Ko kan gawata ba za ki tsaya ba. Kin amince?"

Caetano ya jira. Na kasa zaɓarsa a kan Baba.

"Sarkin busa, wasan ranar Asabar fa?" in ji Baba a hankali.

"Zan zo, yallaɓai."

Da zai fita, ya rufe fiyanon da na bari a buɗe, kada ƙura ta shiga.