Gurbi Na Goma

Kafin Nazih ya gama bayani, mahaifiyarsa ta riga ta ɗaura kallabi ta rataya jaka.

Bayanin kuwa ba mai wuya ba ne. Kowace shekara wata mujallar kiɗa tana jera DJ-DJ na ƙasashen Larabawa, wato masu haɗa kiɗa a gidajen rawa, daga wanda ya fi farin jini zuwa ƙasa, kuma jama'a ne ke zaɓe ta waya, lamba ɗaya ƙuri'a ɗaya. Nazih, wanda shi ma DJ ne, ya daɗe yana kushe wannan jeri. Yakan ce da ƙuri'a ce ke nuna gwani, da 'yan majalisa sun fi kowa iya kiɗa. To sai bana wani kamfanin Turai ya yi alkawarin ɗaukar goman farko: kiɗa a tsibirin Ibiza na Sifaniya lokacin zafi, Berlin lokacin sanyi, kwantiragin shekara uku. Nan take jerin ya zama abin girmamawa a wurinsa.

Ba a ga laifinsa ba. Ya gaji da kulob-kulob na Beirut, inda wuta kan ɗauke daidai lokacin da kiɗa ya ɗau zafi, a bar mutane tsaye hannuwa a sama kamar 'yan fashi sun shigo. A sakamakon wucin gadi shi ne na goma, a bakin ƙofa ke nan, ture kaɗan ya isa ya fitar da shi. Shi ya sa ya hau dutse zuwa ƙauyensu, Kafar Lauz, neman agaji.

Tsohuwar, wadda kowa ke kira Imm Basil, wato Maman Basil, tambaya biyu kawai ta yi: yaushe za a rufe, kuma wa ke bin sa a baya. Ya ce wata Sirin ce daga Tunis, yarinyar da jiya-jiya ta fara. Ta ce ya nuna mata fuskarta, ba a shiga yaƙi ba a san abokin gaba ba. Ta daɗe tana kallon hoton kafin ta mayar masa da wayar.

Imm Basil ba baƙuwar zaɓe ba ce. Duk wanda ya taɓa zama shugaban ƙauyen, ta barandarta ya bi. Dabararta ba ta canzawa: gahawa mai ɗaci, faranti na baklawa, alkakin can, sannan a hankali ta tuna maka wanda ya fara zuwa gaisuwar mutuwar babanka. Kiɗan ɗan nata kuwa ba ta taɓa jin sa har ƙarshe ba. Takan ce da shi da janaretan maƙwabta duk ɗaya ne, sai dai janareta yana ba da wuta.

Ranar Lahadi ta tsaya a ƙofar coci da kwando. Tsofaffi suna fitowa suna jefa wayoyinsu ciki, matasa ma ba su tsira ba, har limamin cocin sai da ya laluba aljihu. Ta kwashe su zuwa gida, ta sa tabarau, tana dannawa da kanta ɗaya bayan ɗaya, wai idon tsofaffi ba abin yarda ba ne. Da Nazih ya miƙa hannu zai taya ta, ta buge shi.

“Kai auta, a ina ka taɓa ganin ɗan takara ya taɓa akwatin zaɓe? Tafi ka ci abinci.”

Ya ce to ta kira yayyensa su ma su zaɓa, Basil a Montreal, Rima a Sydney, Jad a Abidjan. Ta ce waɗanda suka tafi ba su da bakin magana a harkar gari. Gidan ɗaki biyar ne, ita kaɗai a ciki, sai ran Litinin da Nazih ke zuwa da wanki da yunwa.

Shi dai ya riga ya tafi a zuciyarsa. Ya fara koyon gaisuwar Sifaniyanci, ya tambayi mahaifiyarsa babban akwatin marigayi babansa, ta ce zif ɗinsa ya lalace, za ta kai gyara. Ya tarar da ita tana cika kwalabe da yalo da man zaitun na lokacin sanyi, yawansu kamar na kowace shekara. Ya yi dariya ya ce wa zai cinye wannan duka. Ta ce ai ba ya lalacewa.

Sakamako ya fito wata Litinin da rana, suna baranda. Nazih ya karanta daga sama har ya kai na goma. Sirin ce. Shi ne na sha ɗaya, kuma tazarar ba ta taka kara ta karya ba.

Abin ya yi masa ciwo ƙwarai, har ya ture farantin abincin da ke gabansa. Imm Basil ta dafa kafaɗarsa ta ce wani hanin ga Allah baiwa ne. Ya kama hannunta ya sumbata, ya ce ita dai ta yi abin da ba uwar da za ta iya, ba zai taɓa mantawa ba. Ta ce ya bar zancen, ta ƙara masa kibbe, dunƙulen nama da alkama, a faranti.

Da yake mai jin ciwo ba ya rasa taɓa gyambonsa, sai ya buɗe bidiyon godiyar da Sirin ta saka. Tana ta murna, ta gode wa mahaifiyarta, ta gode wa kulob ɗinta. Sannan ta ce mujallar ta aiko wa kowane ɗan goman farko taswirar inda ƙuri'unsa suka fito, kuma akwai abin da ya ɗaure mata kai.

“Ni ko sau ɗaya ban taɓa taka Lebanon ba,” in ji ta, “amma akwai wani ƙauye a kan dutse da ya zaɓe ni kaf, har da limaminsu aka ce. Mutanen Kafar Lauz, ko ku su wane ne, na gode.”